Baƙi da 'Yan Gida: Tarihin Gandun Tsuntsaye na Dagona a Fadamar Haɗeja da Nguru

Gabatarwa

Dagona wani ƙauye ne a ƙasar Bade, cikin Jihar Yobe, ba nisa da Gashuwa. A gefensa akwai wani tabki wanda asalinsa gurbin kogi ne, watau kogin ya taɓa yin gwiwa a wurin, sa'an nan ya sake hanya ya bar gwiwar a yanke, ta zama tabki mai cika idan ruwa ya malalo, mai janyewa idan rani ya yi nisa. Girman wurin da aka keɓe bai wuce hekta 344 ba. Duk da wannan ƙanƙanta, sunansa ya shiga littattafan masu kallon tsuntsaye a ƙasashen da yawancin mutanen Dagona ba su taɓa zuwa ba, har ma mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya taka ƙafa ya je wurin cikin 1989. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda haka ta faru, da abin da keɓe wurin ya iya tsarewa, da kuma abin da ya kasa.

Tabkin ɗan yanki ne na wata babbar fadama. Kogin Kano da na Calawa su ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos ya gangaro. Da suka fito fili a gabas, sai suka tarar da tsofaffin jigayin rairayi a jere, waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta fi haka matsowa kudu. Jigayin nan suka hana ruwa tafiya kai tsaye, suka tilasta masa rarrabuwa ƙorama-ƙorama, yana malala tsakaninsu, kafin ya sake tattaruwa wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, wanda Barebari ke kira Komadugu, ya nufi tabkin Cadi. Wannan jinkiri da ruwa ke yi shi ne arzikin ƙasar: shinkafa da damina, wake da kayan lambu a bayan ruwa, kifi, burugu na shanun Fulani, kaba da goruba. Mutum fiye da miliyan guda ne ke ci daga gare ta, Bade da Hausawa da Mangawa da Fulani. An kuma lissafta nau'in tsuntsaye 377 a cikinta.

'Yan gida da 'yan cin rani

Tsuntsayen fadamar nan iri uku ne ta fuskar zama. Na farko su ne 'yan gida, waɗanda nan suke ƙwai, nan suke ƙyanƙyasa, iyakarsu su ɗan matsa daga wannan tabki zuwa wancan: dinya, da kirinjijiya, da balbela, da jinjimi, da zakaran kekuwa, da gauraka. Waɗannan kowa ya san su, suna cikin tatsuniya da karin magana da kirari.

Na biyu su ne masu zuwa da damina, kuma jagoransu shamuwa. Bahaushe bai bukaci wani masani ya gaya masa shamuwa matafiyiya ce ba. Ya san idan ta sauka a kan tsamiya ko rimin gari, lokacin gyaran gona ya yi, ya kuma san ba a taɓa ta, ba a jifan sheƙarta. Abin da bincike ya ƙara masa shi ne inda take zuwa: idan ta gama kiwon 'ya'yanta a nan, sai ta bi ruwan sama ta gabas, ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa ƙasashen gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke sauka a lokacin da mu muke cikin ɗari. Sunan da masana suka ba ta, Ciconia abdimii, shi ma yana da ɗan tarihi: wani Bajamushe, Lichtenstein, ya raɗa shi cikin 1823 don girmama wani gwamnan Turkawa na Dongola a ƙasar Sudan. Ke nan tsuntsuwar da kowane yaro a ƙasar Hausa ya san sunanta, a littafin duniya sunan wani hakimin Turkawa take amsawa.

Na uku su ne waɗanda suka jawo wa Dagona suna. Suna isowa daga wajen Satumba da Oktoba, daidai lokacin kaka, su yi ɗari da rani a nan, su tashi cikin Maris da Afrilu kafin ruwan farko. Babu kalmar da ta dace da su kamar wadda muke da ita tun da daɗewa, watau cin rani. Yadda mutumin karkara ke barin gida bayan girbi don ya rage wa rumbu baki, ya koma da bazara ya yi shuka, haka waɗannan ke barin Turai da Rasha idan ƙanƙara ta rufe abinci, su koma can su yi ƙwai. A cikinsu akwai ƙananan agwagin ruwa iri-iri, musamman wadda masana ke kira querquedula da mai dogon wutsiya da suke kira acuta. Akwai wani mai dogayen ƙafafu, pugnax, wanda ke sauka dubbai a gonakin shinkafa. Akwai farar shamuwar Turai. Sa'an nan ga tsattsewa da ƙananan tsuntsayen ƙaya masu launin ƙasa waɗanda da wuya a bambance su sai an riƙe a hannu. Abin lura a nan shi ne, galibin waɗannan baƙi ba su da wani suna na kansu da ya bazu a bakin jama'a kamar na dinya ko shamuwa. Dalili kuwa a fili yake. A nan ba su yin sheƙa, ba su sanya adon aure, yawancinsu ma ba su kuka sosai. Shi wannan pugnax, a ƙasarsu namijin yana da wata irin geza a wuya mai ban sha'awa, wadda yake baje ta a dandalin neman mata. A fadamarmu kuwa sai a gan shi toka-toka kamar kowa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji Hausawa, amma waɗannan a gida suke barin kukan.

Yadda aka gane hanyar

Mu a nan mun ga zuwansu ba mu san mafitarsu ba. Turawa kuwa sun ga tafiyarsu ba su san masaukinsu ba. Tun zamanin Aristotle ake cewa tsattsewa ɓuya take yi a rami ta yi barci har sanyi ya wuce, kuma har a ƙarni na 18 babban masani irin Linnaeus ya yarda cewa a ƙarƙashin ruwa take yin hunturu. A watan Mayu na 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a arewacin Jamus, aka tarar da wani siririn mashi na Afirka, mai tsawon kusan santimita 80, ya huda wuyanta ya tsaya. Da shi ta ƙetare hamada da teku. An cusa fatarta, har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Wani maharbi na Afirka da ba wanda ya san sunansa, wanda ya yi kuskuren abin miyarsa, shi ya ba Turai hujja ta zahiri a kan abin da malamanta suka yi shekaru dubu biyu suna gardama.

Shekara guda bayan haka, cikin 1823, Denham da Clapperton da Oudney suka iso tabkin Cadi ta hanyar hamada, suka ƙetare kogin Yobe a kan hanyarsu ta zuwa wurin Shehu Laminu a Kukawa. Denham ya ba da labarin yawan tsuntsayen bakin tabkin da rashin tsoronsu ga mutum. Waɗanda suka biyo baya da niyyar tsuntsaye musamman, ba kallo ya kawo su ba, tarawa ce. Ernst Hartert ya zo tare da Paul Staudinger cikin 1885 zuwa 1886, suka bi ta Zariya da Kano har Sakkwato. Boyd Alexander ya yi zango a bakin Cadi a tafiyarsa ta 1904 zuwa 1907. Angus Buchanan ya tashi daga Kano ya bi ta Damagaram zuwa Azbin cikin 1920, yana tara wa gidan ajiya na Rothschild, inda shi Hartert ɗin nan ya zama mai kula da tsuntsaye. Aikinsu bindiga ce da wuƙar fiɗa da akwati. Daga irin waɗannan fatu ne David Bannerman ya rubuta littafinsa mai juzu'i takwas a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, tsakanin 1930 da 1951. Ba a raina wannan aiki ba, domin ba don shi ba da babu tushen da za a ɗora. Sai dai duk wanda ya san daji ya san cewa baƙo ba ya gano makwancin tsuntsu shi kaɗai, kuma maharba da 'yan alaro da suka nuna hanya, kaɗan ne daga cikinsu aka rubuta sunansu.

Fata tana nuna cewa tsuntsu iri kaza ya zo nan, amma ba ta faɗin daga wane gari. Wannan sai da zobe. Wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, shi ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba da adireshi cikin 1899. A Nijeriya aikin ya kankama ne wajen lokacin samun mulkin kai, a hannun 'yan tsirarun ma'aikata da malaman jami'a masu yin sa don sha'awa, kamar R. E. Sharland a Kano da Hilary Fry a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cikin 1964 suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya, wadda daga baya ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma, mujallarta kuma ta koma Malimbus daga 1979.

Wani bincike nasu ya cancanci a tsaya a kansa, domin a bakin wannan kogi aka yi shi. A bazarar 1967 Fry da John Ash da James Ferguson-Lees suka kafa raga a Malamfatori, kusa da inda Yobe ke shiga Cadi, suna kama ƙananan baƙi suna aunawa kafin su sake su. Suka ga cewa a 'yan makonnin ƙarshe kafin tashi tsuntsayen nan ba su da aiki sai ci, wasu ƙwarin bakin tabki, wasu 'ya'yan itacen asuwaki, suna tara kitse har waɗansu su kusa ninka nauyinsu. Kitsen nan shi ne guzurinsu. A gabansu akwai hamada ta kusan kilomita 2,000 wadda babu abinci a cikinta, bayanta kuma ga Bahar Rum. Tsuntsun da bai kai nauyin ƙwan kaza ba, in bai cika guzuri a nan ba, ba zai kai can ba. Ashe fadamun bakin hamada su ne zangon ƙarshe na ayari, kamar yadda fataken da suka yi niyyar Bilma ba su tashi sai sun cika salka. R. E. Moreau, a littafinsa da ya fito cikin 1972, ya ƙiyasta cewa tsuntsaye kimanin miliyan 5,000 ne ke tasowa daga Turai da Asiya zuwa Afirka kowace shekara. Masanan baya sun rage wannan adadi, amma ko da an rage, ana maganar dubban miliyoyi ne.

Fari, da madatsa, da gandu

A bazarar 1969 masu kallon tsuntsaye a Ingila, waɗanda suka saba ƙidayar sheƙa a gonaki tun 1962, suka ga abin da ya ɗaure musu kai. Wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda masana ke kira communis saboda yawansa, ya tafi a kakar 1968 lafiya lau, amma kusan kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba. Aka zargi maganin ƙwari, aka zargi guguwa. Sai cikin 1974 Winstanley da Spencer da Williamson suka nuna cewa ƙarancin ruwan sama ne a kudancin Sahara. Watau farin da ya kai mu ga yunwar 1973, wanda ya kashe shanu ya watsa garuruwa daga Senegal har Habasha, a shingen gonakin Ingila aka fara ganin alamarsa, shekaru kafin gwamnatocin duniya su farga. Da fari ya sake dawowa cikin 1983 da 1984, wata tsattsewa mai haƙa rami a gaɓar kogi ita ma ta ragu ƙwarai a can. Tun daga nan ƙungiyoyin kare tsuntsaye na Turai suka gane cewa duk tsaron da za su yi a gida rabin aiki ne.

A daidai waɗannan shekaru kuma, wani abu na faruwa a saman kogi. Gwamnatin Jihar Kano a zamanin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka gama cikin 1974, domin ruwan sha na birni da noman rani a Kadawa da kewaye. Ba wanda ya ga yunwar 1973 da zai ce wannan niyya ba ta da hujja. Amma ruwan da aka tare a Tiga shi ne wanda da zai malala a Haɗeja da Nguru da Gashuwa cikin Agusta da Satumba. Cikin 1992 aka ƙara da madatsar Calawa. A ƙarshen shekarun 1960 malalar ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 ba ta kai 1,000 ba. Fari yana da nasa kaso a wannan, madatsai suna da nasu.

Cikin wannan hali ne aka kafa shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru cikin 1987, da haɗin gwiwar gwamnati, da gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, da ƙungiyar IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya. Zuwan Yarima Philip Dagona cikin 1989, a matsayinsa na shugaban WWF, shi ya sa jaridu suka waiwayo. Cikin 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihohin Yobe da Jigawa, aka kafa Gandun Ƙasa na Tafkin Cadi mai sassa uku, aka sanya Dagona cikin sashen Bade da Nguru. Cikin 2000 tabkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka rubuta a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Dagona da Baturiya suka bi cikin 2008.

Abin yabo ga ma'aikatan shirin shi ne ba su daɗe ba suka gane cewa maganar tsuntsu kaɗai ba za ta ciwo kan kowa ba. Manomin da baƙi suka sauka a shinkafarsa ba zai ga dalilin da za a zo daga Ingila a roƙa musu arziki ba. Masuncin da aka hana shiga tabkin da kakansa ya yi su a ciki, shi ma haka. Sai suka juya ga lissafi. Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka auna abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka gwada da abin da noman rani na Kano ke bayarwa, suka samu cewa in da ruwa za a auna, watau abin da kowace ɗigo ke haifarwa, fadama ta yi wa aikin gwamnati nisa ƙwarai. Wannan da sauran bincike suna cikin littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tsara cikin 1993. A ganina wannan shi ne mafi amfanin abin da kallon tsuntsaye ya jawo wa mutanen fadama: hujja rubutacciya, da harshen da ma'aikatu ke ji, wadda aka yi ta amfani da ita wajen jayayya a kan madatsar Kafin Zaki da aka so ginawa a kan ruwan Jama'are, kogin da ya rage yana malala yadda ya saba.

Ƙidayar da aka riƙa yi kowane Janairu ta nuna tsuntsayen ruwa tsakanin 200,000 da 325,000 a shekarun 1995 zuwa 1997. Amma wata matsala ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Madatsa ba rage ruwa kaɗai take yi ba, tana sauya lokacinsa. Kogin da a da kan ƙafe da rani, yanzu ana sako masa ruwa kaɗan-kaɗan shekara duka. Ciyawar kacalla kuwa abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta cika mashigai, ta tare laka, ta karkatar da ruwa, har wasu garuruwa suka rasa gonaki saboda ambaliya wasu kuma saboda ƙishi, a shekara guda. Ta rufe filin ruwan da agwagi ke sauka, ta kuma zama makwancin jan-baki, wanda shi ne ainihin abokin gaban mai gero da shinkafa. Dogarin gandu yana iya korar maharbi daga hekta 344. Ba shi da iko a kan ƙofar madatsa da ke nesa da shi da ɗaruruwan kilomita, a wata jiha, ƙarƙashin wata hukuma.

Gauraka

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa ko da ba daɗi. Kuɗi da masana da suka zo fadamar nan, saboda baƙi suka zo, domin baƙin su ne tsuntsayen gidansu. Ba laifi ba ne. Kowa nasa ya sani. Amma a shekarun da ake ƙidayar agwagin Turai ɗaya-ɗaya, ɗan gida mafi kwarjini yana ƙarewa. Gauraka, mai tukku kamar zinariya, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasar Nijeriya, a farkon shekarun 1970 dubbai ne a fadamun arewa. Bushewar fadama ta rage masa wurin ƙwai, domin a cikin ciyawar ruwa yake sheƙa. Sauran kuma mu muka ƙarasa: kyansa ya sa manya ke son a gan shi yana taƙama a tsakar gida, 'yan kasuwa na saye don fitarwa waje, masu magani na neman kansa da gashinsa. A gida kuwa da wuya ya hayayyafa, saboda haka duk wanda ya mutu sai an kamo wani daga daji. Ba madatsa ce ta kai shi kasuwa ba. Yau mai kallon tsuntsaye zai iya yin shekaru yana zagaya fadamun Nijeriya bai ga ko ɗaya a sake ba. Wanda ke son ganin garke sai ya ƙetara Kamaru ko Cadi.

Tashin hankalin da ya auka wa arewa maso gabas daga 2009 ya yanke zuwan baƙi masu madubin hangen nesa. Waɗanda suka ci gaba da aikin galibi 'yan ƙasa ne, da yawansu sun fito daga cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da aka kafa a Jos a farkon wannan ƙarni, ko kuma suna cikin shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara cikin 2015, inda matasa ke bi yanki-yanki suna rubuta abin da suka gani a wayar hannu. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da Baturiya, a ɓangaren Jigawa, gandun ƙasa mai zaman kansa. Littattafan da waɗannan matasa ke riƙewa a daji da Turanci suke, sunayen da suke aikawa ma haka. Na Hausa kuwa suna warwatse a ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, na Badanci da Manganci kuma yawancinsu suna bakin tsofaffin masunta da maharban Gogaram da Dagona da Nguru.